Na gama Death Note da Attack on Titan, wanne kuma zan kama?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu kallon anime a taimaka min da shawara. Bara ƙanina ya tura min Death Note a waya, ni da nake masa tsiya wai ƙato da shi yana kallon katun, to wallahi kashi 37 ɗin nan kwana huɗu na yi na cinye su, har ranar da aka ɗauke wuta a shagon mai caji na tare ina kallo wayar na jone. Daga nan na bi Attack on Titan har ƙarshe, yanzu sati biyu kenan duk wanda na buɗe sai in ji shi lami. An ce in gwada One Piece, na duba na ga ya haura kashi 1,000, na ce a'a datata ba ta kai nan ba. Ni abin da ya kama ni shi ne yadda Light da L na Death Note ke haƙa wa juna rami suna murmushi, kamar wajen da Light ya ɓoye 'yar talabijin a ledar cin-cin ɗinsa alhali kyamarori sun cika ɗakin. Irin wannan nake nema, kuma kar ya wuce kashi 70 haka. Don Allah kar a tona min labari.

Ɗan_Dara:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka wahalar da kanka, Code Geass kawai. Shekara ɗaya suka fito da Death Note, 2006, zango biyu ne kashi 25 kowanne. Lelouch ɗan sarki ne da aka yasar a Japan kafin daular ubansa ta mamaye ƙasar har ta canza mata suna zuwa Area 11, sai ya samu wani iko, in ya kalli idonka ya ba ka umarni dole ka bi, amma sau ɗaya tak yake ci a kan mutum ɗaya, to ka ga dole ya yi lissafi kafin ya kashe harsashinsa. Light ne sak, sai dai shi runduna yake ja. Abu biyu zan gaya maka tun yanzu, zanen mutanen dogaye ne sirara kamar sillan kara sai ka ɗan jure kafin idonka ya saba, sannan akwai wuraren da shigar matan ba ta da kyau, kar ka kunna shi a falo gaban su Hajiya.

Yar_Gidan_Littafi:
Ɗan'uwa ni dai ban yarda Code Geass ne na farko ba, rabinsa faɗan manyan robobi ne da harkar 'yan makaranta, kuma sau da yawa dabarar Lelouch ba dabara ba ce, marubucin ne ke share masa hanya. In da gaske ƙwaƙwalwa kake nema to Monster. Na san ka ce 70, shi 74 ne, ka yi haƙuri da huɗun nan. Kamfanin Madhouse da ya yi Death Note shi ya yi shi a 2004, labarin kuma na Naoki Urasawa ne.

Babu aljani babu littafin tsafi babu kowa mai tashi sama. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Japan, Dakta Tenma, yana aiki a Dusseldorf ta Jamus a 1986, aka kawo yaro da harbi a ka, can sai ga magajin gari shi ma an kawo shi, manyan asibiti suka ce ya bar yaron ya koma kan babban mutum, ya ƙi. Magajin gari ya mutu, muƙaminsa ya tafi, budurwarsa ta watsar da shi, shi kuma yana ganin ai ya yi daidai. Bayan shekara tara sai ya gane ko wane ne ya ceto. Iya nan zan tsaya, wannan duk farkon ne.

Abin da ya sa nake fifita shi, a Death Note kana cikin kan Light kullum, kana jin duk lissafinsa. A Monster bos ɗin, Johan, sai a yi kashi da yawa ba ka ko ga fuskarsa ba, ɓarnar da ya bari a baya kawai kake tararwa gari bayan gari har Prague, kuma in ya fito magana yake a hankali cikin ladabi, ni wannan ladabin ne ma ya hana ni barci. Sai dai fa yana tafiyar hawainiya, wani kashin gaba ɗaya a kan wani tsoho ne ko wani mashayi da ba ka san me ya kawo shi ba sai can gaba. In kai mai danna gaba-gaba ne kar ma ka fara.

Ɗan_Dara:
Haba Anti, mutum sabon shiga za ki ɗora masa Monster? Ni a kashi na 30 barci ya kwashe ni, har yau ban koma ba 😂

Bamaguje99:
Kun manta ya ce ya kalli Attack on Titan ma. Aboki in abin da ya burge ka a can shi ne yadda ka fara da sanin waye mugu ka ƙare ba ka sani ba, to Vinland Saga. Wit Studio da suka yi zango uku na farkon Titan su suka yi zangon farko a 2019, MAPPA suka karɓi na biyu a 2023, yadda dai aka yi da Titan ɗin, kowanne kashi 24. Zamanin Vikings ne lokacin da mutanen Denmak ke yaƙin cin Ingila, kuma Canute ɗin da ke ciki sarki ne na gaske, ya hau mulkin Ingila a 1016. Yaron, Thorfinn, yana bin rundunar mutumin da yake son ɗaukar fansa a kansa, wato Askeladd, shi kuma Askeladd ɗin nan in ana maganar wayo ko Light sai ya gaishe shi. Zango na biyu kuwa gona ce, sare itace da huɗa, mutane suka yi ta masa tsiya wai anime ya koma noma, ni kuma da na taso ina riƙe fartanya shi na fi so.

Kwalli_Uku:
Ba wanda ya ambaci The Promised Neverland? Kashi 12 kacal na 2019, yara uku 'yan shekara 11 a gidan marayu suna wasan ɓuya da matar da suke kira Mama. Ka kalli kashi na ɗaya har ƙarshe kafin ka yanke hukunci. Amma zango na biyu na 2021 kar ka taɓa shi, sun tsallake manyan sassan littafin da aka ɗauko labarin daga ciki suka dunƙule ƙarshen da hotuna, ka ɗauka ba a yi shi ba.

Sabon_Shiga:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sauke kashin farko na Neverland ɗin da daddare don gwaji, to ga shi asuba ta yi ina na biyar, kuma tun wajen 'yar tsanar zomon nan ban ƙara yarda da murmushin matar nan ba. In na gama zan bi Code Geass, Monster kuma Anti sai an yi albashi.