Diana Dors: a ina ne aikinta ya karkace?

'Yar Kallo:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana tsofaffin finafinan Birtaniya. Duk inda aka ambaci Diana Dors, abin da ake fara cewa shi ne "Marilyn Monroe ta Ingila", daga nan sai labarin aure-aure da bashi da jaridun tsegumi. Amma wanda ya kalli Yield to the Night na 1956 zai ga mace ce da ta iya aikinta ƙwarai da gaske. To me ya faru? Yaya mai wannan baiwa ta ƙare tana zagaya ƙananan kulob-kulob tana waƙa, har kotu ta ayyana ta a matsayin wadda ta karye? Laifin mazajenta ne, ko na kamfanonin fim, ko nata? Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla, ba tsegumi nake nema ba.

Dattijon Majigi:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sai an fara daga tushe. Sunanta na yanka Diana Mary Fluck, an haife ta a garin Swindon ranar 23 ga Oktoba 1931. Tana shekara 14 ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta LAMDA a Landan, sai da ta ƙara wa kanta shekaru kafin a karɓe ta. Ke nan ba daga gasar kyau aka tsinto ta aka tura gaban kyamara ba, ta yi karatun sana'ar. Kamfanin Rank ya ɗauke ta kwantiragi tun ba ta kai 17 ba, a kan fam 10 a mako, ya sa ta a makarantarsa ta horar da sababbin fuskoki. A wannan lokacin ne David Lean ya ba ta matsayin Charlotte, 'yar aikin gidan mai sayar da akwatin gawa, a Oliver Twist na 1948. Ƙaramin matsayi ne, amma ki duba shi, babu kwalliya, babu rangwaɗa, wasa ne zalla.

Matsala ta farko ba tata ba ce. Zuwa 1949 bashin miliyoyin fam ya danne Rank, ya rage yin finafinai, ya sallami matasan da ya tara. Ta wayi gari ba ta kai shekara 20 ba, ba albashi, ba mai tsaya mata. A wannan halin Dennis Hamilton ya same ta. Suka yi aure a Yuli 1951, makonni kaɗan da haɗuwarsu, kuma daga ranar ya zama miji, ya zama manaja, ya zama mai magana da 'yan jarida. Hulunan nan uku a kan mutum ɗaya su ne asalin ɓarnar. Wakilin ɗan wasa na gaskiya kasonsa yake karɓa, yawanci kashi 10 cikin 100, kuma idan ya yi ba daidai ba ana iya korarsa. Mijin da ya riƙe asusu da kamfani da sa hannu, wa zai kore shi?

Ba za a hana shi abu ɗaya ba, ya iya talla. Shi ya samo mata Rolls-Royce tana shekara 20 don a riƙa ɗaukar hoto, kuma a bikin finafinai na Venice a 1955 aka zagaya da ita cikin kwale-kwale sanye da kayan wanka na gashin dabba, hoton ya karaɗe duniya. Sai dai abin da yake sayarwa jikinta ne da sunanta, ba wasanta ba. Duk furodusan da ya ga irin wannan talla, irin wannan matsayi zai kawo mata.

Shekarar 1956 ita ce mararraba. An nuna Yield to the Night a gasar Cannes, sai kamfanin RKO na Amurka ya kira ta Hollywood. A watan Agusta suka shirya liyafa a gidan da suka sauka, aka gayyato manyan 'yan fim da 'yan jarida. Ana cikin ɗaukar hoto a bakin wurin ninkaya, sai ita da Hamilton da wasu suka afka ruwa da kayansu. Hamilton ya fito ya kama wani mai ɗaukar hoto da yake zargi da tura su, ya yi masa dukan kawo wuƙa. Baƙuwar da ta zo neman gindin zama, mijinta ya doki ɗan jarida a gaban 'yan jarida, ai kin san abin da zai biyo baya. Sannan ga maganar soyayyarta da Rod Steiger, abokin wasanta a The Unholy Wife, ta fito fili.

Amma ko da ba a yi wannan ba, ta hau jirgin da ke nutsewa ne. RKO na gab da mutuwa. A 1957 ya daina shirya fim, ya miƙa wa kamfanin Universal ragowar finafinansa ya rarraba, filayen ɗaukar fim ɗinsa kuma aka sayar wa kamfanin Desilu. Shi ya sa I Married a Woman, da aka ɗauka a 1956, bai fito ba sai 1958, lokacin da zancenta ya riga ya huce a Amurka.

Baƙi da Fari:

Dattijo ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni kan fim ɗin da kika ambata zan tsaya, domin a nan ne ake ganin girman asarar.

J. Lee Thompson ne darakta, kuma ya riga ya gwada ta a The Weak and the Wicked na 1954, shi ma labarin gidan yarin mata ne. A Yield to the Night ta fito a matsayin Mary Hilton, mai sayar da kayan kwalliya a kanti, wadda ta harbe matar da take ganin ita ta jawo mutuwar saurayinta. Ba a ɓoye laifin ba, da shi aka buɗe fim ɗin. Abin da ya rage shi ne zaman jira, mako uku a ɗakin waɗanda aka yanke wa hukuncin rataya, ana sauraron ko Sakataren Harkokin Cikin Gida zai yi sassauci.

Ki lura da abubuwan da aka sa a ɗakin. Fitilar da ba a kashewa ko da dare, har sai ta rufe ido da ƙyalle kafin ta yi barci. Gandirobobi mata biyu da ke zaune da ita ba dare ba rana. Ƙofa guda da ba ta da mariƙi ta ciki, wadda kowa ya san inda ta nufa amma ba mai faɗa. Da kuma ɗan ciwon da takalmi ya yi mata a ƙafa, ana wanke shi ana ɗaurewa da kulawa, don mutumin da za a kashe nan da 'yan kwanaki. A cikin wannan ɗaki an cire mata duk abin da Hamilton ke sayarwa: ba jan baki, ba gyaran gashi, rigar fursuna ce mai kauri. Abin da ya rage mata fuska ce da murya. Kuma ba ta yi ihu ko birgima ba. Muryar ta mutu, idon ya tsaya cak, tana magana kamar wadda ta riga ta bar duniya. Irin wannan riƙe kai ya fi kuka wuya nesa ba kusa ba.

Gyara ɗaya da ya kamata a yi, don mutane da yawa suna kuskurensa: ba labarin Ruth Ellis ba ne, matar ƙarshe da aka rataye a Birtaniya a Yuli 1955. Littafin Joan Henry da aka ɗauko labarin daga ciki ya fito tun 1954, kafin Ellis ta yi kisan. Dacewa ce kawai, amma ta sa fim ɗin ya faɗa tsakiyar muhawarar hukuncin kisa, wadda ta kai ga dokar 1957 da ta taƙaita shi, da ta 1965 da ta dakatar da shi kan laifin kisan kai.

Abin takaicin, da aka kai fim ɗin Amurka sai aka canza masa suna zuwa Blonde Sinner, aka yi tallarsa da hotonta na kwalliya. Wanda ya shiga don wannan hoton ya fito da fushi, wanda zai so fim ɗin kuma bai shiga ba.

Bayan haka kasuwar ma ta juya. Masu shiga sinima a Birtaniya sun kai sama da biliyan 1.6 a 1946, zuwa 1960 sun faɗo kusan miliyan 500, talabijin ta cinye su. Sababbin daraktocin da suka taso daga 1959 kuma labarin ma'aikatan arewacin Ingila suke yi, da fuskokin da ba a sani ba. A wurinsu Dors ta tsohon zamani ce, alhali ba ta kai 30 ba.

'Yar Kallo:

Na gode ƙwarai, malamai. Saura batun kuɗi. An ce a tsakiyar shekarun 1950 tana cikin 'yan wasan da suka fi kowa samu a Birtaniya. Yaya mai irin wannan samu za ta karye?

Mai Lissafi:

Malama, amsar tana cikin yadda ake karɓar haraji a lokacin. Ma'aikacin albashi, tun 1944 ana cire masa haraji kafin kuɗin ya shigo hannunsa. Ɗan wasa mai zaman kansa kuwa kuɗinsa cif ake ba shi, takardar haraji ta biyo baya, kuma bisa abin da ya samu a shekarar da ta gabata ake lissafawa. A lokacin fam ɗaya sule 20 ce. A 1956 harajin yau da kullum sule 8 da sisi ne a kowace fam. Wanda samunsa ya haura fam 2,000 a shekara akwai ƙarin haraji a kansa, yana hawa mataki-mataki har ya kai sule 10. Ke nan a saman kuɗin babban tauraro, sule 18 da sisi na gwamnati ne, sule ɗaya da sisi nasa. Shi wannan ƙarin kuma ya fi na farkon jinkirin zuwa.

To ga tarkon. Shekarar da aka samu da yawa, an kashe a gida da mota da liyafa. Takardar harajin wannan shekarar sai ta iso a shekarar da aiki ya ja baya. Maganinsa sananne ne, kowane akanta zai faɗa: ranar da kuɗi ya shigo a ware fiye da rabi a asusun da ba a taɓawa. Ba a yi haka ba, domin kashe kuɗin a bainar jama'a shi ne tallar.

Da suka rabu da Hamilton, ta sa hannu ta bar masa kusan duk kadarorin, kuma ta faɗa daga baya cewa tilasta mata aka yi. Ya mutu a Janairu 1959, bai bar komai ba sai bashi. Kadara ta tafi, amma harajin kuɗin da aka saye ta da shi yana nan da sunan wadda ta yi aikin. Wannan ne ya sa a 1960 ta sayar wa jaridar News of the World labarin rayuwarta a kan sama da fam 30,000, har da bayanin liyafofin baɗala da ake yi a gidan Hamilton. Kuɗin ya toshe wani rami, ya haƙa wani: Babban Limamin Cocin Ingila na Canterbury, Geoffrey Fisher, ya fito ya yi tir da ita, masu shirya fim na mutunci suka ƙara ja da baya, kuma shi kansa kuɗin akwai haraji a kansa. Waƙa a Las Vegas da kulob-kulob na ma'aikata a arewacin Ingila, duk neman kuɗin hannu ne na biyan tsohon bashi. A 1968 kotu ta ayyana karyewarta, kuma mafi yawan abin da ake bin ta na hukumar haraji ne.

Uwar Ɗakin Kallo:

Ina neman afuwar Dattijo da Mai Lissafi, amma kada a mayar da ita kamar yarinyar da aka yi ta ja da igiya har ta mutu. Hamilton ya mutu tana shekara 27. Ta ƙara shekara 25 a duniya, kuma a cikinsu ita ke zaɓa. Ita ta ci gaba da rayuwar da ta fi ƙarfin aljihunta, ita ta karɓi finafinan barkwancin batsa na shekarun 1970 da ba su dace da ita ba. Haka nan ita ce ta sake gina kanta, kuma wannan ɓangaren ne ake yawan tsallakewa.

Bayan aurenta da Richard Dawson ya mutu, ta auri ɗan wasa Alan Lake a Nuwamba 1968. A 1970 su biyun suka hau dandamalin Royal Court a wasan Three Months Gone, masu sharhi suka yaba mata kamar yau suka fara ganinta. A shekarar ce kuma aka ɗaure Lake wata 18 saboda faɗa a mashaya, daidai lokacin da ta fara Queenie's Castle a gidan talabijin na Yorkshire, inda ta fito a matsayin uwa mai faɗa a rukunin gidajen talakawa. Ta yi ƙiba, ba ta ɓoye ba, ta mayar da ita kayan aiki. Ki nemi The Amazing Mr Blunden na 1972 ki ga muguwar tsohuwar da ta zama, da ƙyar za ki gane ta. 'Yan mintocin da ta yi a Deep End na Jerzy Skolimowski kuwa, har yau su ne abin da mutane suka fi tunawa a fim ɗin.

Jiki ne ya ci amanarta a ƙarshe. Sanƙarau ya kusa kashe ta a 1974, a 1975 ta haifi ɗa babu rai, a 1982 aka gano sankarar mahaifar ƙwai. Duk da haka a 1983 tana fitowa a shirin safe na TV-am, kuma ta kammala Steaming na Joseph Losey, wanda ya fito bayan mutuwarta. Ta mutu a Windsor ranar 4 ga Mayu 1984 tana shekara 52. Wata biyar bayan haka, ranar 10 ga Oktoba, Lake ya harbe kansa a gidansu na Sunningdale.

Kan batun kuɗi, akwai ƙarashe. Ta bar wa ɗaya daga cikin 'ya'yanta takarda mai rubutun sirri, da cewa ta ɓoye kusan fam miliyan 2 a bankuna, kuma Lake ne ya san mabuɗin. A 2003 tashar Channel 4 ta sa ƙwararru suka warware rubutun. Tsarin Vigenère ne, inda ake gusar da kowane harafi gwargwadon harafin wata kalmar sirri da ake maimaitawa, kalmar kuma DMARYFLUCK ce, sunanta na haihuwa. Abin da ya fito jerin sunaye ne da garuruwan Birtaniya, babu lambar asusu, babu adadin kuɗi, kuma ba a gano ko fam ɗaya ba.