Aikin kwamfuta ya tattare a kan rigar folo bayan wanki: ana iya ceto shi?

Sabuwar Shiga ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da abokan sana'a. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya rikice mini. An kawo mini rigunan folo na auduga, irin masu talewa, domin in ɗinka musu tambari a ƙirji da injin aikin kwamfuta. Faɗin tambarin santimita 9 ne, cike yake da zare, kuma injin ya nuna cewa sukar allurarsa ta kusa 12,000. Na sa takardar baya, wato wadda ake sawa a ƙarƙashin yadi domin ta riƙe ɗinki, mai yagewa falle ɗaya, na ja rigar sosai a cikin firam, wato zoben da yake riƙe yadi a kan inji, domin kada ta motsa, na yi amfani da allura 75/11 da zare lamba 40.

Muddin rigar tana cikin firam aikin yana kwance lafiya lau, amma da zarar na cire ta na yage takardar, sai yadin da ke kewaye da tambarin ya fara tattarewa. Wadda aka wanke kuwa abin ya fi muni, domin tambarin ya lanƙwashe ya ƙi kwanciya a jiki. Ban da haka, baƙin layin da ya kamata ya zagaye tambarin bai hau kan gefensa ba a ɓangaren dama, ya bar wata siririyar tsaga inda launin rigar yake leƙowa. Shin akwai hanyar gyara waɗanda aka riga aka ɗinka, kuma me ya kamata in sauya kafin in taɓa sauran?

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ciwo biyu ne suka haɗu a aikin nan, kuma yana da kyau ki raba su, domin ɗaya yana jin magani bayan an gama ɗinki, ɗayan kuwa ba ya ji sai kaɗan.

Na farko shi ne irin takardar. An yi takarda mai yagewa ne domin yadin da yake iya tsayawa da kansa, kamar jins ko audugar da ba ta talewa, inda aikinta yake ƙarewa da zarar allura ta tsaya. Rigar folo ba haka take ba. Duk sukar da allura ta yi tana huda takardar, ta yadda kafin a kai ƙarshen tambari mai suka 12,000 ta riga ta tsattsage a ƙarƙashin zaren, kuma wannan ne ya sa layin gefe, wanda shi ake ɗinkawa a ƙarshe, ya sauka inda bai kamata ba. Abin da ya rage na takardar wanki yana ƙarasa shi. Daga nan sai a bar zare wanda ba ya talewa a kan yadi mai talewa, babu abin da yake shiga tsakaninsu. Saboda haka duk rigar da take talewa, takarda mai yankewa ake sa mata, wadda ake rage gefenta da almakashi a bar sauran a jikin rigar har iyakar rayuwarta. Ga tambari mai nauyin naki, ki nemi wadda aka rubuta mata oza 2.5, wato kimanin giram 85 a kowace murabba'in mita.

Na biyu shi ne jan da kika yi wa rigar. Takardar ce ake so ta yi tauri kamar fatar ganga, rigar kuwa ana so ta kwanta a kanta yadda take kwanciya a kan tebur. Idan aka ɗinka yadi yana a tale, zaren yana kulle shi a haka, sannan da aka sake shi daga firam sai wanda ke kewaye ya koma yadda yake, na ƙarƙashin tambarin kuma ya kasa komawa, bambancin da ke tsakaninsu shi ne tattarewar da kike gani. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa kafin a tayar da inji: ki dubi siraran layukan saƙar rigar a cikin firam, ki kwatanta su da na wajensa. Idan na ciki sun fi buɗewa ko sun karkace, rigar a tale take, sai ki cire ki sake. Ki daidaita notin firam tun kafin ki sa rigar, ki fesa wa takardar gam na wucin gadi kaɗan, ki shimfiɗa rigar a kai da tafin hannu, ki danna firam sau ɗaya, kuma kada ki ja gefen yadin bayan ya shiga.

Game da waɗanda aka gama, ki juya rigar, ki kifa tambarin a kan tawul mai kauri, ki ba shi tururi daga baya, kina ɗora dutsen guga kina ɗagawa ba tare da kin goga shi gaba da baya ba. Zafin ya zama matsakaici, domin zaren foliyesta yana lalacewa da zafi mai yawa. Ki daidaita yadin da yatsu tun yana da ɗumi, ki bar shi ya huce a kwance, sannan ki manna masa takarda mai kamar raga, irin wadda ake liƙawa da guga, wadda ta zarce tambarin da santimita ɗaya ko biyu ta kowane gefe. Wannan yana kwantar da rigar da tattarewarta ba ta yi yawa ba, amma ba zan ɓoye miki ba, takardar da aka manna daga baya ba ta kai wadda allura ta ɗinke tare da yadin ba, kuma gam ɗinta yana iya saki bayan wanki da yawa. Rigar da aka tale sosai kuwa guga ba ya warkar da ita, sai dai ya lafar da ita zuwa wanki na gaba.

Mai Tsara Zane ya amsa:

Abin da Malam ya faɗa daidai ne, sai dai ina so in ƙara wani ɓangare da ake yawan ɗora wa takarda laifinsa alhali ba nata ba ne. Mutane da yawa idan suka ji an ce takarda ta yi kaɗan, sai su jera falle uku ko huɗu, aikin ya fito da tauri, ƙirjin rigar ya tsaya shi kaɗai, kuma tattarewar ba ta tafi ba. Idan takarda mai yankewa falle ɗaya mai nauyin da ya dace ta kasa riƙe tambari, zanen ya kamata a tuhuma.

Ki tambayi wanda ya tsara miki zanen ko ya san a kan rigar folo za a ɗinka shi. Tazarar da aka saba bari tsakanin layukan ciko, wato ɗinkin da yake cike cikin tambari, ga zare lamba 40 ita ce kimanin milimita 0.4, kuma a kan yadi mai talewa gara a ɗan buɗe ta da a matse ta. Ya kamata kuma a sami ɗinkin shimfiɗa, wato siraran layukan da inji yake fara yi kafin ciko, domin su ne suke ɗaure rigar da takardar tun farko. Tsagar da kika ambata tana da nata dalilin ko da takardar tana da kyau: zaren ciko yana jan yadi zuwa ciki ta fuskar da yake tafiya, don haka mai tsarawa yakan ƙara wa cikon faɗi kaɗan ta wannan fuskar, ya kuma sa layin gefe ya hau kansa sosai. Zanen da aka tsara wa jins ko hula ba lallai ne ya zauna a kan folo ba.

Idan tsagar siririya ce kamar gashi, alƙalamin rina yadi mai launin zaren, irin wanda ba ya fita a wanki, yana rufe ta, muddin aka taɓa wurin da bakinsa kawai. Mayar da rigar cikin firam domin a sake ɗinka layin gefe mai kauri abu ne mai yiwuwa, amma sai mai haƙuri, domin kuskuren milimita ɗaya ya isa ya ƙara ɓata aikin. Idan kuma kina cikin ɗinki kika ga gefe ya fara kaucewa, ki tsayar da injin, ki zura wani fallen takarda a ƙarƙashin firam ba tare da kin cire rigar ba, ki rage gudu, sannan ki ci gaba. Allurarki ma ki duba ta: lambar 75/11 ta yi, amma mai dunƙulallen baki ake so, wadda take ratsawa tsakanin zaren saƙa maimakon ta yanke shi.

Sabuwar Shiga ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara basira. Na gwada tururin, kuma yawancin rigunan sun kwanta yadda za a iya sa su. Wadda aka wanke ce ta ƙi, ina tunanin in warware ta gaba ɗaya, amma ina tsoron kada in huda rigar. Sannan a cikin waɗanda suka rage akwai farare marasa kauri, kuma da na gwada takarda mai yankewa a kan ƙyalle irinsu, inuwarta tana fitowa ta gaba, ƙananan haruffan da ke ƙasan tambarin kuma suna nutsewa cikin saƙar.

Uwar Ɗakin Ɗinki ta amsa:

Ƙanwata, warwara daga baya ake yinta, ba daga fuska ba. Ki juya rigar, ki ɗora wurin a kan yatsanki ko wani abu mai ɗan tudu domin zaren ya ɗago, sannan ki yanke zaren kwarkwaro, wato farin da ke tsakiyar ɗinkin, kina ratsa shi a gicciye. Akwai ƙaramin inji mai kama da na aski da aka yi domin wannan aikin, kuma ya fi reza aminci nesa ba kusa ba. Idan abin farke ɗinki kawai kike da shi, ki riƙa ɗaukar zare kaɗan kaɗan a wuri mai haske. Bayan kin yanke na baya, ki juyo fuskar ki kankare zaren sama da farce, zai taso da kansa, sauran ki tsince da matsefata, burbushin kuma ki ɗauke shi da salatif. Duk zaren da ya ƙi fitowa kada ki fizge shi, ki koma baya ki nemo inda yake riƙe. Layukan shimfiɗa da wuraren da inji ya ƙulla zare su ne suka fi wuya, a nan ne mafi yawan riguna suke hujewa. A al'ada takardar baya ce take kare yadin daga kaifi lokacin warwara, ke kuwa taki ta riga ta tafi, don haka ki ninka hattara.

A kan fararen riguna, ina ganin takardar giram 85 da Malam ya ambata ta yi kauri. Mai kamar raga ita ce ta dace da su, domin tana da laushi, ba ta yagewa, kuma inuwarta ba ta cika fitowa ba, musamman mai launin fata a ƙarƙashin farin yadi. Da yake ba ta da tauri, ga tambari mai nauyin naki ni nakan sa falle biyu, in karkata ɗaya a kan ɗaya domin su riƙe ta fuskoki daban daban, ko kuma in sa raga falle ɗaya a jikin rigar da mai yagewa a ƙarƙashinta, wadda zan cire bayan an gama. Wannan bai saɓa wa gargaɗin Malam mai zane ba, domin shi yana magana ne a kan jibga takardu masu kauri. Wajen yankewa, ki ɗaga takardar ki riƙe ta, rigar tana rataye a ƙasa inda idonki yake ganinta, ki bar kimanin rabin santimita a kewayen tambarin, kuma ki zagaye kusurwoyin, domin kusurwa mai tsini ce take bayyana ta gaba, ita ce kuma take sukar fata. Idan mai rigar yana jin ƙaiƙayi, akwai wani laushin yadi da ake mannawa da guga a rufe bayan aikin duka.

Nutsewar haruffa ba matsalar takardar baya ba ce. Saƙar folo tana da ƙananan ramuka, zare yana faɗawa ciki, maganinsa kuwa leda mai narkewa a ruwa da ake shimfiɗawa a saman yadin kafin a fara ɗinki. Ba ta maye gurbin takardar baya, tare suke aiki. Bayan an gama ki yage babban ɓangarenta, ragowar da ta maƙale a cikin haruffa ki dangwale ta da ɗanyen ƙyalle har ta tafi. Ki tabbata ta fita sarai kafin ki kawo dutsen guga kusa, domin idan ta sha zafi tana daskarewa a cikin zaren ta yi wuyar fita.

Tsohon Hannu ya ƙara da cewa:

Na yarda da Hajiya a kan fararen riguna, raga ta fi. Abin da zan ƙara shi ne game da wadda za ki warware. Yadin da allura ta soka sau dubbai ba ya komawa sabo, ko da tururi ya rufe mafi yawan hujin, don haka kada ki yi niyyar barin wurin a fili. Ki jiƙa shi, ki bar shi ya bushe a kwance, ki manna masa raga mai gam tun kafin ya shiga firam, sannan ki ɗinka tambarin da aka gyara a daidai gurbin tsohon, kuma in da hali mai zane ya ƙara masa girma kaɗan domin ya rufe sawun. Idan kika ɗaga wurin a gaban haske kika ga zaren saƙar ya tsinke a wurare da yawa, kada ki sake sukarsa da ciko. Ki ɗinka tambarin daban a kan wani yadi mai ƙarfi a matsayin bajo, ki ɗora shi a wurin da ɗinkin gefe kawai, amma ki nuna wa mai rigunan samfurinsa tukuna, domin wannan rigar za ta bambanta da sauran.