Wai me za mu kira frostbite da Hausa ne? A taimaka kafin 'yan Janairu su sauka

Mai tambaya:
Salam jama'a. Ina haɗa 'yar takarda da Hausa saboda 'yan uwa masu tahowa Kanada karatu ko aiki a watan Janairu, musamman masu sauka Manitoba da Saskatchewan, to na zo kan kalmar frostbite na cije. Dusar ƙanƙara kowa ya santa, wannan an wuce wurin. Amma wannan ɓarnar da sanyi ke yi wa yatsu da kunne da hanci har ta kai ga yankewa ban taɓa jin sunanta a bakin kowa a gida ba, kuma ba mamaki tunda Kano ko a tsakiyar hunturu da ƙyar ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 10, nan Winnipeg kuwa -30 ba abin labari ba ne. Ina son kalmar da in an karanta wa mahaifiyar mutum a waya za ta gane nan take ta ce ɗana rufe hannunka.

Ɗalibi a Regina:
Cizon sanyi mana yaya, ai abin da Turancin ke nufi kenan, miye na wahala.

Anti nas, Winnipeg:
Ƙanina rufa mana asiri. Maimaita shi da sauri sau uku ka ji abin da zai fito. Harafi ɗaya ne tsakaninsa da ciwon sanyi, kuma ka san me ake nufi da ciwon sanyi a gida, ka san masu tallan maganinsa da lasifika a bayan mota. Yaro ya kira gida ya ce an kwantar da shi saboda cizon sanyi, layi na yankewa, wallahi kafin la'asar zancen ya zaga dangi kuma ba zai taɓa wanke kansa ba. Sanyin ƙashi ma an riga an kama shi, na masu ciwon gaɓoɓi ne. Kalmar sanyi kaya sun mata yawa a harkar ciwo, ni dai a bar ta kawai.

Ɗalibi a Regina:
Kai anti na janye, na janye.

Wani Bakatsine a Calgary:
To ai muna da faso da kaushi, ba sai an ƙirƙiro sabo ba, a ce fason ƙanƙara.

Anti nas, Winnipeg:
Malam faso bushewa ce, fata ce ke tsagewa don ba danshi, ka shafa man kaɗanya ko basilin kwana biyu ta lafa. Wannan kuwa ruwan da ke cikin naman jikin ne da kansa ke daskarewa, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya daina zuwa wurin. In ka ce faso mutum zai ɗauka abin shafa mai ne ya kwanta, ranan nan yatsa ya yi baƙi. Bari in gaya muku yadda yake zuwa don mai takarda ya rubuta daidai. Farko wurin zai yi zafi-zafi kamar ana tsira maka allura, sai ya mutu mus ka daina jin komai, a nan mutane ke ruɗuwa su ce ai sanyin ya sake ni. Fatar ta yi tauri, bayan an ɗumama sai bororo ya tashi irin na wanda ruwan zafi ya zubo wa. Takardun nan duk cewa suke fata za ta yi ja sannan fari, mu kuma baƙaƙe jan nan ba lalle ka gan shi ba, sau da yawa toka-toka wurin ke yi, don haka rashin ji shi ne alamar da za ka riƙe.

Mai tambaya:
Daskarewar fata kenan? Ya yi daidai da bayaninki amma a kunnena ba ya da ban tsoro, kamar ana maganar miyar da ta kwana a firij.

Baba malamin Hausa:
'Ya'yana ku dubi abin da 'yar uwarku ta faɗa, bororo ta ce. Me ke tayar da bororo a Hausa? Ƙuna. Kuma muna da kalmar da kuka manta saboda zaman birni, ɗari, busasshen sanyin nan na hunturu mai ratsa ƙashi, wanda ya bambanta da sanyin damina ko na ruwan randa. Ku haɗa su, ƙunar ɗari. Bahaushe in ya ji ƙuna ya san asibiti ake nufa, ya san ana rasa yatsa a kanta, ba sai an masa wa'azi ba.

Wani Bakatsine a Calgary:
Baba a gafarce ni, ƙunar ƙanƙara ba ta fi ba? Ɗari na gida ai bai taɓa cire wa kowa yatsa ba.

Baba malamin Hausa:
Ta fi daɗin faɗa, na yarda. Illarta mutum zai zaci sai ya taɓa ƙanƙara abin zai same shi, ya tsaya a tashar bas kunne a waje yana cewa ai ban taɓa komai ba. Alhali iska ce ke aikin.

Anti nas, Winnipeg:
Gaskiyar Baba. Hukumar yanayi ta Kanada lamba biyu take bayarwa a lokacin sanyi, ta ma'auni da ta yadda jiki zai ji in an haɗa da iska, ta biyun ita za ka duba kafin ka fita. A jadawalinsu in ta kai -28 zuwa -39 fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, in ta kai -40 zuwa -47 kuwa minti 5 zuwa 10 ne kawai, jiran bas ɗaya kenan. Masu alwala su fita da jiƙaƙƙen hannu da gemu suna sauri kar su rasa jam'i, don Allah a goge a sa safar hannu. Kuma ba tatsuniya ba ce, a Disambar 2016 wasu 'yan Ghana biyu sun tako da ƙafa daga Amurka ta wajen Emerson a nan Manitoba, sun rayu amma sai da aka yanke musu yatsun hannu. Iyalin nan 'yan Indiya mutum 4 da aka tsinci gawarsu a yankin a Janairun 2022 kuma wani abu ne daban, shi jiki gaba ɗaya ne ke hucewa, yana farawa in zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da 35, kar a haɗa su suna ɗaya a takardar.

Abu ɗaya ke damuna da kalmar ƙuna, mutanenmu da sun ji ta za su ruga su zuba ruwan sanyi ko su fasa ƙwai a kai. Sai ka rubuta a ƙasa da manyan baƙi: ruwa mai ɗumi-ɗumi wajen digiri 37 zuwa 39 na Celsius, ba a murzawa, ba a kara hannu a hita ko murhu tunda wurin ba ya ji zai ƙone da gaske ba ka sani ba, bororon kuma ba a fasawa, a tafi asibiti.

Ɗan Maraɗi a Montreal:
Mu nan jelur muke cewa irin na Faransanci, amma in na ce wa tsohuwata ƙunar ɗari za ta gane, jelur kuwa sai ta ce wace ce.

Mai tambaya:
Shikenan na rubuta ƙunar ɗari, da gargaɗin anti a ƙasa. Na Katsina in ka ci gaba da ƙunar ƙanƙararka ba mai kai ka kotu. Saura waccan ta hucewar jiki gaba ɗaya, Baba in an idar da isha'i a leƙo mana.