Musayar Baitoci Kan Girma a Cikin Almasihu

Wani matashi ya buɗe da tambaya:

Iyayena a cikin Ubangiji, ina miƙo gaisuwa,
Na zo da tambayar da ta daɗe tana sa ni damuwa.
Mutum ya yi baftisma, shekaru suna ta shuɗewa,
Ba ya fashin sujada, ba ya fashin bayarwa,
Ya haddace ayoyi har ya kai ga koyarwa,
Amma da an taɓa shi kaɗan, sai zagi da tsinuwa.
Shin wannan ne girman da ake yi mana wa'azi a taruwa,
Ko kuwa daɗewa ce kawai, hali bai ga canzawa?

Dattijo ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka,
Tambayar nan ta nuna akwai ƙishirwa a ranka.
Ka buɗe Galatiyawa sura 5 ka kafa idonka,
Aya 22 da 23 za su ba ka amsarka.
'Ya'yan Ruhu Mai Tsarki 9 Manzo Bulus ya jera, ka riƙe su a zuciyarka:
Ƙauna da farin ciki da salama a zamanka,
Haƙuri da kirki da nagarta ga maƙwabcinka,
Aminci da tawali'u, sa'an nan kamun kanka.
Ba a sa yawan taro a ciki ba, balle ƙarfin muryarka,
Ana auna girma ne ranar da aka ɓata maka.

Sai dai kada ka yanke ƙauna, ka tuna Musa da zafin ranshi.
Ya kashe Bamasare, ya turbuɗe shi cikin yashi,
Ya gudu Madayana domin Fir'auna na neman shi,
Shekara 40 yana can, yana kiwon garken surukinshi,
Kafin Allah ya kira shi daga kurmi mai cin wuta, ya aike shi.
Daga baya Littafin Ƙidaya sura 12 ya shaide shi,
Cewa a tawali'u babu mutum a duniya da ya kai shi.

Wata dattijuwa ta shigo:

Yaya, maganarka gaskiya ce, ban musa ba,
Amma akwai gefen da ba ka taɓa ba.
Shekaru su kaɗai ba su taɓa gyara kowa ba,
Kuma mai cewa "haka halina yake" bai fahimci Bishara ba.
Marubucin Ibraniyawa bai sassauta wa masu karatunsa ba,
A sura 5 ya ce ya kamata su zama malamai, amma ba su kai ba,
Har yanzu madara suke sha, ba su iya abinci mai tauri ba,
Domin ba su horar da hankalinsu ga rarrabe nagarta da mugunta ba.
Na ga matar da aka zaga a bainar jama'a, ba ta rama ba,
Leɓenta yana rawa, idonta ya cika da hawaye, ba ta buɗe baki ba,
Washegari ta je ta gaishe da mai zagin, ba ta jira ban haƙuri ba.
Wannan hali bai sauko mata a dare ɗaya ba,
Addu'a ce da tuba da biyayya waɗanda ba ta fasa ba.

Matashin ya sake tambaya:

Mama, na gode, amma ga abin da ya rage a raina:
Idan Ruhu ne mai ba da 'ya'ya, ina amfanin ƙoƙarina?
Idan kuma ƙoƙari ne, ina alherin Mai Cetona?

Dattijo ya ce:

Ɗana, Bulus ya haɗa biyun a cikin wasiƙarsa,
Ga Filibiyawa, sura 2, yana ɗaure da sarƙarsa.
Ya ce kowa ya yi aikin cetonsa da tsoro da rawar jikinsa,
Gama Allah ne mai sa nufin a zuciya, da ƙarfin cikarsa.
A Yohanna 15 Yesu ne kurangar inabi, mu ne rassansa,
Reshe ba ya haifar kome idan ya rabu da tushensa,
Wanda ke ba da 'ya'ya ma, Uba yana datse shi don ƙaruwarsa.
Naka shi ne ka zauna cikin Maganarsa, ka bi umarninsa,
Ko da datsar ta taɓa abin da ranka ke ƙaunarsa.

Dattijuwar ta ƙara:

Ɗana, mutanen da kake kuka da su, wa ya zauna da su?
Wa ya tsawata musu a keɓe, ya kuma durƙusa dominsu?
Markus ya bi Bulus da Barnaba a farkon tafiyarsu,
Da suka kai Bamfiliya ya koma Urushalima ya bar su.
A kansa suka yi saɓani mai zafi har ya raba su,
Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba da Markus kuwa Kubrus ta karɓe su.
A 2 Timoti sura 4, Bulus na kurkuku, abokan aiki sun kama hanyarsu,
Luka ne kaɗai ya rage tare da shi daga cikinsu,
Sai ya rubuta wa Timoti ya ɗauko Markus ya zo ya same su,
Domin yana da amfani a gare shi a hidimar da ke gabansu.