Dan Allah a taimaka, me za mu kira "fatig" na fiffiken injin iska?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shirin kimiyya a rediyo kan injinan iska masu ba da wuta, irin guda 37 ɗin nan na Lambar Rimi a Katsina. Baƙona ya turo min bayani duk da Turanci, kalma biyu sun tsaya min a wuya, fatig da sitires. Na sa sitires a manhajar fassara ta ce min "damuwa", wai fiffike yana cikin damuwa sai ka ce matarsa ce ta yi yaji.

Ɗan Panteka: Gajiya mana Hajiya, meye abin wahala. Mu nan in sifirin mota ya karye ba tare da ta faɗa rami ba cewa muke ya gaji. Ki samu wayar ƙarfe ki yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ba ƙarfi kika sa ba amma wurin zai yi zafi can sai ta ɓalle.

Injiniya Barnawa: Oga ya faɗi daidai. Sai dai kar ki ce gajiyar ƙarfe, don fiffiken ba ƙarfe ba ne, zaren gilashi ne da aka haɗa da wani irin gam, wani ma har da katako mara nauyi a ciki. Ki lissafa, babban inji in yana juyawa sau 15 a minti, cikin shekara 20 da ake ƙera shi ya yi ya haura juyi miliyan 150, kuma duk juyi ɗaya nauyin fiffiken kansa sai ya lanƙwasa shi nan ya dawo da shi can, ga iska tana tura shi baya wajen turken, yau da ƙarfi gobe a hankali. Ba rana ɗaya yake karyewa ba, 'yar tsaga ce da ido ba ya gani take farawa, sau da yawa ta gindi inda aka ɗaure shi da kusoshi ko ta inda aka manne ɓangarorin fiffiken guda biyu.

Malam Na Kawo: Ban yarda ba. Gajiya ta mai rai ce. Kun ɗauko kalmar Bature kun sa mata hula kun ce Bahaushiya ce. Wanda ya gaji in ya huta yana wartsakewa, shi fiffiken in an kashe injin wata guda tsagar tana haɗewa? Ni na ce KARAYAR SANƊA, tunda sanɗa take yi ba a ji ba a gani.

Ɗan Panteka: Malam ranka ya daɗe, takalmi fa in ya mutu ba ma cewa ya gaji? Shi ma hutawa yake ya dawo sabo?

Malam Na Kawo: Wannan Hausar 'yan gareji ce.

Injiniya Barnawa: Malam sanɗar ta min daɗi wallahi, amma karaya ita ce ƙarshen labari, mu kuma aikinmu duk kafin ta zo ne. A kwamfuta muke zana fiffiken, mu yanka shi gutsi-gutsi dubbai mu ga inda nauyi ya fi taruwa, sannan mu ƙirga lanƙwasa babba nawa ƙarama nawa zai sha, kowacce tana cin wani abu daga kwanansa, a tara a ga ko zai kai shekarunsa. Wani Bajamushe Wöhler shi ya yi ta gwajin nan a kan sandunan ƙafar jirgin ƙasa tun wajen 1860. To in na ce an auna karayar sanɗa ta kai rabi, mai sauraro zai ɗauka rabin fiffiken ya riga ya faɗo.

Bakano a Kaduna: Ni dariya ma kuke ba ni, 'yan Kaduna ne za su zauna yanke wa Hausa hukunci? Ku da kuke cewa "zan je in kam bak". Ku bari a tambayo Kano.

'Yar Tudun Wada: Ji shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo a Kano aka fara buga ta a 1939 ko a Zariya? Kakanka ma rediyon Kaduna ya tashi yana ji. Kuma kai me ka zo yi garin namu in ba cin arziki ba.

Bakano a Kaduna: Zariya ai ba Kaduna ba ce Yaya, kar ki ara.

Malam Na Kawo: Ku bar wannan. Kwamfuta wa ya san ta da can? Sai an yi ta faɗa kunne yake sabawa. Karayar sanɗa, ki faɗa sau uku a shirin ki gani.

Maman Ilham: Jama'a sitires fa?? An ɗauke wuta, caji na saura 9.

Injiniya Barnawa: Wasu na cewa matsi, amma rabi ne. In fiffike ya lanƙwasa gefe ɗaya matsewa yake, ɗaya gefen ja ake yi kamar za a tsinka shi, duka biyun kuma sitires ne.

'Yar Tudun Wada: Tsanani?

Ɗan Panteka: Tsanani kuma sai ka ce wa'azi.

Maman Ilham: To ni dai na rubuta "gajiyar fiffike", zan bi da misalin wayar Oga. In an zo inda ya ɓalle ba zato sai in ce karayar sanɗa, Malam ka ga ban yar da kai ba. Sitires kuma zan ce "ja da matsin da yake sha" har Allah ya kawo mai kalma ɗaya.

Malam Na Kawo: Ba haka na so ba. Amma ki ce daga wajen wani malami a Kawo kika ji.