Muhawara: Marubuci ya tsaya kan fanni ɗaya, ko ya taɓa duk abin da ya dame shi?

Malamin Nahawu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga magana, kuma a kanta na tsaya: duk mai son a ɗauki rubutunsa da daraja, ya zaɓi fanni ɗaya ya zauna a kai. Yau siyasa, gobe lafiya, jibi tarbiyya, gata sharhin ƙwallo, wannan hira ce ake zubawa a takarda. Taura biyu ba ta taunuwa. Sibawaihi littafi ɗaya ya bari kan nahawun Larabci, ya rasu da sauran ƙuruciyarsa a ƙarshen ƙarni na 8, har yau kuwa ba mai zurfafa a nahawu bai bi ta kansa ba. Imamu Bukhari shekara 16 ya yi yana tace Sahihinsa. Da sun rarraba hankali, da wa zai tuna da su?

Hajiya Edita: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda da malamai ka buɗe, ina za ka kai Imamu Suyuɗi? Daga 1445 zuwa 1505 ya rayu, ya bar ɗaruruwan rubuce-rubuce: tafsiri, hadisi, fiƙihu, nahawu, tarihin halifofi, har da magani. Shi ya ƙarasa tafsirin Jalalaini da Mahalli ya rasu bai gama ba. Shi ma hira ya yi?

Malamin Nahawu: Hajiya, ai tun yana raye aka yi masa wannan sukar. Sakhawi, wanda suka yi zamani ɗaya, ya zarge shi da kwaso ayyukan magabata. Ba na cewa duk zargin gaskiya ne, tsakaninsu akwai tsama. Sai dai ki lura, Suyuɗi da bakinsa ya ƙirga fannoni bakwai da ya ce ya nutsa a cikinsu, ya kuma ce lissafi ya fi komai yi masa wuya. Ya san iyakarsa. Masu rubutun komai na yau, wa ya taɓa jin sun ce ga inda saninsu ya tsaya?

Autan Zaure: Malam, a gafarce ni in sa baki. Ni ban daɗe da fara rubutu ba, kuma wannan shawarar ce ta hana ni motsi da farko. An ce in zaɓi fanni, to ta yaya zan san fannina ban gwada ba? Sai da na rubuta kan abubuwa barkatai sannan na ga alƙalamina kullum yana komawa kan yadda matasa ke neman aiki. Da ranar farko aka ce in zaɓa, da wasanni zan ce, kuma da tuni na ƙosa na ajiye.

Uwar Biyu: Ƙanena, ka yi gaskiya ta ɓangaren mai koyo. Ni aikin jinya nake yi, bari in faɗi ta ɓangaren wanda ake cutarwa. Wanda jama'a suka yarda da shi a wani fanni, idan ya tsallaka wani, yardar takan bi shi can, ko da ilimin bai bi shi ba. Linus Pauling na Amurka ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1954, ya ci ta zaman lafiya ta 1962. A 1970 ya fito yana cewa shan bitamin C mai yawa na kare mutum daga mura, daga baya ya kai maganar har kan cutar daji. Asibitin Mayo na Amurka ya gwada a kan masu cutar dajin da ta yi nisa, ya fitar da sakamako a 1979 da 1985, ba a ga amfanin ba. Mutum mai Nobel biyu ke nan. To ina ga wanda mabiya kawai ya tara saboda ya iya sharhin siyasa, ya wayi gari yana gaya wa mai ciwon sukari abin da zai sha? Mu ne muke karɓar waɗannan marasa lafiyar bayan sun ajiye maganinsu. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Injiniya: Wannan hujja ce mai nauyi, Yaya. Amma kan faɗin abin da ba ka sani ba take, ba kan yawan batutuwa ba. Ko likitan da bai taɓa rubutu kan komai ba sai lafiya, yana iya yin wannan ɓarnar idan ya shiga reshen da ba nasa ba.

Malamin Nahawu: Mai fanni ɗaya ya fi kusa da tsira daga ita, Injiniya. Ka ɗauki Gregor Mendel, mai binciken tsirrai ɗan Austriya. Daga 1856 zuwa 1863 yana cikin lambu yana barbarar shuka iri ɗaya, dubban tsirrai, yana bin su zuriya bayan zuriya. Haƙurin nan ne ya buɗe ilimin gadon halitta.

Injiniya: Madalla da ka kawo shi, Malam, don shaidata ne. An yi masu barbarar tsirrai da yawa kafin shi, me ya sa shi ya gano? Saboda ya karanci kimiyyar lissafi da ta fiziks a jami'ar Viyana. Wasu suna kallon shukar suna siffanta ta, shi kuwa ƙirgawa ya yi, har ya ga siffa ɗaya na rinjayar ɗaya da uku bisa ɗaya a zuriya ta biyu. Masana tsirrai zalla sun ga aikinsa a 1866 suka wuce, sai a 1900 aka dawo kansa. Ga shi yana kiwon zuma, yana kuma rubuta yanayin sama. Abin da ya ɗebo a waje shi ya haska masa na cikin lambun.

Hajiya Edita: A shekarun da na yi ina gyara rubutun mutane, abin da na gani shi ne mai karatu ba sunan fanni yake bi ba. Akwai wanda zai rubuta kan batu goma, ka ji duk murya ɗaya ce, damuwa ɗaya ce ke tafe da shi, misali yadda ake danne mai rauni, ko a kotu ne, ko a makaranta, ko a cikin gida. Akwai kuma wanda bai taɓa fita daga fanninsa ba, amma rubutunsa na ashirin maimaicin na uku ne, don rijiyar ta ƙafe ya ƙi yarda. Montaigne na Faransa ya fitar da maƙalunsa a 1580, ya taɓa abota, tsoro, karatun yara, har babban yatsa, kuma sama da shekara 400 ana karanta shi. Inda nake tare da Malam shi ne nan: wanda ya zo wurinka don abu ɗaya, idan ya leƙo sau da yawa bai same shi ba, ba sallama zai tafi. Mai son rubutu ya ciyar da shi, ko a riƙa nemansa a matsayin masani, dole a san shi da wani abu takamaimai.

Uwar Biyu: Ni sharaɗina ɗaya ne. Ka rubuta yadda ka ji da ka yi jinyar mahaifiyarka, wannan naka ne, ba mai hana ka. Amma adadin ƙwayar da za a sha, ko fatawa, ko hukuncin shari'a, a bar wa masu su.

Autan Zaure: To Malam, ni da nake tsakiya fa? Neman aikin matasa ne ya fi yawa a rubutuna, amma wani lokacin wani abu daban yakan taso mini, in ji ba zan iya barci ba sai na rubuta.

Malamin Nahawu: Ka rubuta, ɗana, ban ce ka haɗiye ba. Amma ban janye ba. Suyuɗi ya haddace Alƙur'ani tun bai cika shekara takwas ba, ya daɗe gaban malamai kafin ya bazu. Mendel ma duk abin da ya karanto, kan barbarar tsirrai ya sauke shi. Batun neman aikin nan, ka karanta dokokin ƙwadago, ka zauna da masu ɗaukar ma'aikata, ka ji ta bakin waɗanda suka nema suka rasa. Ka turo mana na farko da ka rubuta bayan ka yi haka, ni da Hajiya za mu duba maka.