Mutum 34 sun miƙe a wa'azi, saura 9 ke zuwa sujada: ta ina za mu kama?

Sakataren Kwamitin Bishara:

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ikilisiyarmu ta fita bishara a watan Janairu zuwa wani ƙauyen Kambari a yankin Kontagora. An yi kwana uku, an nuna fim ɗin Yesu da dare, ranar ƙarshe mutum 34 suka miƙe suka ce sun ba da gaskiya. Muka ba su malamin bishara guda, saurayi ne da bai daɗe da gama makarantar Littafi ba, yana zuwa duk Lahadi a babur. Ga mu a watan Mayu, masu zuwa sujada ba su wuce tara ba, bakwai daga ciki mata ne, mutum ɗaya ne kuma ke iya karatu. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu na cewa a yi musu baftisma kafin ruwa ya sauka, a kafa ɗakin sujada na kwano. Wasu na cewa a dakata. Me ake koya musu, na tsawon wane lokaci, kuma ina muka kuskure?

Baba Fasto Mai Ritaya:

Salama ɗana. Da farko ku cire 34 ɗin nan daga lissafi. Daren fim mutane kan taho daga ƙauyuka huɗu ko biyar, wani ya miƙe don abokinsa ya miƙe, wani don kada baƙi su ji kunya. Tara ɗin nan su ne abin da ke hannunku, kuma ba kaɗan ba ne.

Sauran 25 kada a yanke musu hukunci daga gari. A sayi littafin rajista, a rubuta sunan kowa, gidan da yake, sunan mai gidan, da harshen da ya fi ji. Sai mutum biyu su bi su gida gida cikin mako biyu, su fara gaida mai gida kafin su nemi wanda suka zo dominsa. Za ku tarar sun kasu: waɗanda ba 'yan ƙauyen ba ne, waɗanda suka tafi cin rani, waɗanda miji ko uba ya hana, da waɗanda suka zo sau biyu ba su gane komai ba suka daina. Kashi na ƙarshen nan laifin koyarwa ne, kuma shi ya fi saurin gyaruwa. Rajistar ta zauna a hannun malami ko fasto, kada a ɗauki hotonta a zuba a WhatsApp, ga halin tsaro da yankin ke ciki, ga waɗanda danginsu ba su sani ba tukuna.

Babban kuskuren shi ne malamin Lahadi. Abin da ke jijjiga sabon mai bi yana faruwa ne ranar Talata da dare, yaro ya kwanta da zazzaɓi, kaka ta ce a kai shi wurin boka, malami kuwa yana gari. Tun da aka kafa EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA, a 1948, ƙarfin aikinta shi ne mai bishara ya tare cikin mutane da iyalinsa, ya yi noma kamar kowa. In ba za ku iya zaunar da shi a ƙauyen ba yanzu, ya riƙa kwana uku a can duk mako, Juma'a zuwa Lahadi, a ɗakin da mai unguwa ya san da shi.

Ajin baftisma kuwa, ga yadda zai tafi. Makonni takwas na farko labaran Tsohon Alkawari, ɗaya a mako: halitta, faɗuwar Adamu, Nuhu, kiran Ibrahim, Ibrahim da Ishaku a kan dutse, Idin Ƙetarewa, Dokoki Goma, sai Iliya da annabawan Ba'al. Mutumin da ya tashi yana ganin ana yanka a wurin tsafi zai gane hadaya tun kafin ka gama bayani, amma in ka fara masa da Romawa ka bar shi a hanya. Daga nan Bisharar Markus, sura 16 ce, sura ɗaya a mako. Jimla mako 24. In kun fara a Yuni, kuka bar rarar makonnin da noma zai ci, za ku kai Disamba, an gama girbi, hankali ya kwanta. A damina aji biyu a mako ya isa: bayan sujadar Lahadi, da dare ɗaya wanda ba jajibirin kasuwa ba, kada ya wuce minti 45. Wanda ya yini a duƙe ba ya jin wa'azin awa biyu.

Ginin kwano ya jira. Rumfar kara ko inuwar ɗorawa ta ishi mutum tara.

Mama Zumunta:

Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora a kan batun matan nan bakwai, don su ne ikilisiyar a yanzu.

Saurayi marar aure ba zai iya bin matan mutane cikin gida ba, in ya gwada za a yi magana, kuma maganar ba malami kaɗai za ta ɓata ba. Zumuntar Mata ta fid da dattijai biyu su riƙa zuwa sau biyu a wata, su kwana. Ba wa'azi za su je yi ba, su zauna wurin sussuka da girki, a nan tambayoyin gaskiya ke fitowa.

Sannan ku bincika harshe. Mace ta iya cinikin gyaɗa da Hausa ba ya nufin ta gane "barata" ko "fansa". Kambari ma ba harshe ɗaya ba ne, na Salka daban, na Auna daban, na Agwara daban, kuma an yi aikin fassarar Littafi cikin harsunan nan a Salka. Ku tantance wanne ake yi a ƙauyen, ku nemi abin da aka ɗauka da murya a zuba a katin waya. Ƙaramar rediyo mai cin kati da cajin rana guda biyu sun isa, ɗaya a hannun mata, don in guda ce a aljihun namiji za ta ƙare.

Yadda ake koya wa wanda ba ya karatu: malami ya ba da labarin da baki, littafi a buɗe a hannunsa don a san daga ina ya fito, kada ya wuce minti biyar. Ya sake bayarwa. Sai wani cikin aji ya maimaita da yarensa, saura su gyara masa. Sai tambaya uku: me muka gani game da Allah, me muka gani game da mutum, wa za ka ba wannan labari kafin mako mai zuwa? A ƙarshe aya ɗaya tak ta haddacewa, a sa mata murya irin ta waƙar daka ko ta niƙa. Abin da aka rera ba ya ɓacewa. Kada malami ya tambayi "kun gane?", kowa zai ce i.

Abu na ƙarshe, kwamiti ya shirya amsa tun yanzu a kan haihuwa, aure da mutuwa. In ɗayansu ta haihu wa zai zo suna? In wani ya rasu dangi suka janye hannu, wa zai haƙa kabari, cikin awa nawa za ku iso? In aka daina zuwa masa gayya don ya ƙi dafa burkutu, matasanku za su zo da fartanya? Mutane da yawa ba don shakkar koyarwa suke komawa ba, tsoron a bar su su kaɗai ne.

Malamin Makarantar Littafi:

Baba, da izininku, ban yarda a ɗaure baftisma da kalanda ba. A Ayyukan Manzanni 8 Filibus ya yi wa mutumin Habasha baftisma a hanya, a sura 16 mai tsaron kurkukun Filibi a daren ya samu. Na san Habashin yana karanta Ishaya tun kafin su haɗu, ba daga sifiri ya fara ba, don haka aji yana da muhalli. Amma in aka mai da shi jarrabawa, tsohuwar da ba ta iya jera Dokoki Goma sai ta shekara uku tana faɗuwa, yaron da ya yi firamare ya haye alhali layarsa na ɗamara.

Ma'aunin ya zama hira, ba takarda ba. Dattawa biyu su zauna da mutum, da tafinta in da bukata, su ji abu huɗu: ya faɗi da bakinsa wane ne Yesu da dalilin mutuwarsa da tashinsa, me ya yi da layu da kayan tsafin da ke nasa na kansa, ba na gidan ubansa ba, mutanen gidansa sun san ya bi, kuma maƙwabta sun ga wani canji. Wanda ya cika waɗannan a wata na uku, ban ga dalilin tsare shi sai Disamba ba. Ya ci gaba da aji bayan baftisma, ai Matiyu 28 ta sa koyarwa ta biyo baya.

Ku tambayi hukumar ikilisiyarku ta gunduma matsayinta a kan mai mata fiye da ɗaya kafin maganar ta taso, don za ta taso. Ikilisiyoyi sun bambanta. Babban taron bishop-bishop na Angilika na 1988, wanda ake kira taron Lambeth, ya yarda a yi wa irin wannan baftisma ba tare da tilasta masa sakin matansa ba, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma masu bi na wurin sun amince. Wasu ikilisiyoyin har yau suna hanawa. Ko wanne ne naku, malami ya san shi, kada ya yi alkawarin da fasto zai zo ya warware.

Mai iya karatun nan kuma kada a yi gaggawar ba shi shugabanci don kawai yana karatu, 1 Timoti 3:6 ta hana ɗora sabon tuba. A ba shi karatun nassi da ajin yaƙi da jahilci. A lokaci guda malami ya ware mutum biyu, namiji da mace, ya riƙa koya musu labarin mako kwana ɗaya kafin aji, su su bayar. Fassara ɗaya za a riƙe a aji. Hausar fassarar 1932 ta yi wa sabon mai koyo nauyi, in kuma ana haɗa ta da Sabon Rai Don Kowa ayar haddacewa za ta fito iri biyu.

Ma'ajin Mishan:

Ta fuskar kuɗi, a taƙaice. Kuɗin kwanon nan a karkatar da shi ga malami: alawus a rana ɗaya tsayayya kowane wata, man babur daban da alawus, buhun dawa a kaka, da gona ko ta aro ce. Malamin da ya yi wata uku ba a biya shi ba zai fara cin bashi wurin waɗanda yake koya wa, daga nan bakinsa ya mutu.

Kada a raba atamfa, taki ko magani a ƙofar sujada. In za a yi taimako, a yi wa ƙauye duka ta hannun mai unguwa, a ranar da ba Lahadi ba. Baiko kuma su fara tun yanzu, ko da kwanon gero ne ko ƙwai, mutum biyu su ƙirga a rubuta, a kashe shi a can. Ranar da za a karɓi fili, ko kyauta ce, a yi takarda da sa hannun mai filin, 'ya'yansa manya, mai unguwa da dagaci, a dasa itatuwa a kusurwa huɗu. Rigimar fili daga magada take fitowa.

Sakataren Kwamitin Bishara:

Mun gode iyaye. Baba, to tsakanin maganarku da ta Malam, wanne za mu kai wa kwamiti?

Baba Fasto Mai Ritaya:

Ku kai duka biyu, ba su yi karo sosai ba. Ku sa ranar baftisma biyu, ɗaya a ƙarshen Agusta, ɗaya a makon Kirsimeti, dattawa su yi hirar da Malam ya faɗa mako biyu kafin kowacce. Matar aure kuwa, fasto da kansa ya je ya gaida mijinta ya sanar da shi, kada ya ji a bakin mutane. Ta Agusta a duba rafin da safe kafin a shiga, ruwa na da ƙarfi a lokacin, a tsaya inda bai wuce ƙugu ba, mutum biyu a cikin ruwa tare da fasto, mata kuma su tanadi zannuwa da wurin sauya kaya.